Yadda Ake Rainon Tumbi Har Ya Kawo Ƙarfi

Tumbi ba a dare ɗaya ake tara shi ba, ranka ya daɗe. Shekaru ake yi ana ɗawainiya ana kashe kuɗi kafin ya kai matsayin da zai riga mai shi shiga ɗaki. Amma ga shi yanzu an sa shi a gaba: likita na harara, Hajiya na ƙorafi, yara na turo bidiyo ta WhatsApp. Wanda bai iya tsaron dukiyarsa ba sai a raba shi da ita yana ji yana gani, don haka ga 'yan dabaru.

Aikin daga teburin mai shayi yake farawa. Ka zauna a benci ka ce a haɗa maka mai kauri, ka zuba ido har sai cokali ya shiga gwangwanin suga sau shida. A kawo biredi a shafe shi da bota ciki da bai, a soya Indomie biyu da ƙwai uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sugan da baligi ke ƙarawa a ci da sha ya wuce kamar giram 50 a yini, wato cokalin shayi 12, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Ka ga tun kafin hantsi ka cinye rabin kasonka, kuma ba a zo kan lemon kwalba ba. Robar lemo mai baƙin ruwa ta rabin lita ita kaɗai tana ɗauke da giram 50 da 'yan kai. Daɗin abin shi ne sugan da aka sha ba ya ƙosarwa, ciki bai ma san an yi ba, sai ya nemi tuwonsa cif-cif. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo a Dokar Kuɗi ta 2021, wai don a rage sha. Kada gabanka ya faɗi, naira goma yau ko fiya wata ba ta saye. Zoɓo da kunun aya kuwa bayin Allah ne, ba ruwansu da kowa, sai an ɗura musu suga suke shiga rundunarka.

Sai mai. Babban cokali ɗaya, na gyaɗa ne ko na ja ko man shanu, kalori wajen 120 ne, abin da sai an yi kusan rabin awa ana taka sayyada kafin a ƙone shi. Saboda haka duk abin da zai dahu a ruwa, ka sa a soya: doya, dankali, ƙwai, har naman da aka riga aka dafa. Miyar da mai bai taso ya kwanta a kanta ba, ka mayar da ita kicin, ka tambayi Hajiya ko wani laifi ka yi mata. A watan azumi ma akwai dama. Mutane da yawa suna fita daga Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi, albarkacin ƙosai da soyayyar doya da kunu mai zaƙi da ake jerawa tun daga kiran magariba har bayan asham.

Abokan gaba sanannu ne, kuma abin takaici a gidanmu aka haife su: dambun zogale, kwaɗon rama, faten tsaki mai yakuwa, wake, alala, miyar kuka da ta kuɓewa, gwanda, goba. Suna cika ciki, suna daɗewa ba su narke ba, sai mutum ya wuni bai nemi cincin ba. Hukumar nan dai ta ce a ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum. In ka ga an cika rabin farantinka da ganye, an rage malmalar tuwo daga uku zuwa ɗaya, makirci ne. Ka ce kai ba akuya ba ne. Haka tafiyar ƙafa: minti 150 a mako ake nema, rabin awa sau biyar ke nan, don haka ko masallacin bakin layi za ka, tayar da mota.

Yanzu ga sirrin da ba kowa ake faɗa wa ba. In matsin lamba ya yi yawa a gida, kada ka yi gardama, ka sayo shayin rage ƙiba. Da yawansu ganye ne dangin filasko, wanda kakanninmu suka sani da wankin ciki. Za ka kwana kana sintiri tsakanin gado da bayi, da safe sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi, Hajiya ta yi guɗa. Ruwa ne ya fita, ranka ya daɗe, kitse yana nan ko gezau, kwana biyu ruwan ya dawo. Sai dai a yi hattara, don wasu magungunan rage ƙiba an sha kama su da sinadarin sibutramine a ɓoye, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tumbi muke karewa, ba makara muke nema ba. Abin da babu lambar NAFDAC a jikinsa, bar wa mai talla kayansa. Bel ɗin ɗaure ciki shi ma naka ne: gumi yake kawowa, gumi kuwa ba narkakken kitse ba ne. Horon yunwa ya fi su duka amfani. Ka ƙi karyawa, ka ƙi cin rana, ka sanar da duk ofis cewa ka shiga tsari. Ƙarfe goma na dare yunwa za ta kai ka wurin mai balangu da kanta, ka ce a sa maka wajen kitsen, ka kora da lemo biyu.

Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne mutumin da ba ya surutu. Ya rage suga a shayi, ya mayar da lemo ruwa, ya rage ludayin mai da dunƙulen maggi, yana zagaya unguwa bayan asuba. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya yake saukewa a mako, iyakar abin da likitoci ke cewa ba ya cutarwa, har ma in yana shan maganin suga ko na hawan jini sai ya tuntuɓi likita kafin ya sauya cimarsa. Wata shida sai ka ga kaftani na yi masa lilo. Kada ka zauna kusa da shi a majalisa. In kuma tsautsayi ya sa ka fara zazzagewa, dangi za su kawo ɗauki: Inna za ta dube ka ta ce, "Lafiya kuwa, ɗan nan? Ko ba a ba ka abinci ne?"

Abu na ƙarshe, ka nisanci tef ɗin awo. Ƙa'idar ita ce zagayen ciki, daidai wajen cibiya, kada ya kai rabin tsayin mutum. Mai tsayin santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Kitsen da ke kewaye da hanji da hanta shi ne ke gayyato ciwon suga da hawan jini, su kuma ba sa sallama in za su shigo. Ranar da aka ɗaura maka abin awo a dantse lamba ta haura 140, ka ce batirin na'urar ne ya yi sanyi, ka nemi wani kemis ɗin.