Kwamfutar Gidanmu da Likitocinta

Kwamfutar gidanmu ta hannu ce. A Bairut Road da ke Kano na saye ta, kuma mai shagon ya rantse mini cewa wata tsohuwar Baturiya ce kaɗai ta taɓa amfani da ita, ita ma sai ranar Lahadi. Windows 7 ce a kanta, RAM ɗinta giga 2. Da farko ba ta da laifi, daga baya ne ta koyi nawa. Abin ya kai in na danna maɓallin kunnawa, sai in je in yi alwala, in yi sallah, in dawo in tarar da ɗan zoben nan shuɗi yana ta juyi abinsa. Mun saba, muna zaman haƙuri da juna, har lokacin cike fom ɗin neman gurbin karatu na 'yata ya zo, ga ranar rufewa ta matso.

Ni na fara gwada tawa fasahar, wato rifiresh. Duk wanda ya koyi kwamfuta a shagon intanet ya san wannan sunna: ka danna dama, ka zaɓi rifiresh, ka maimaita har yatsa ya gaji, kana gyaɗa kai. Sai daga baya na ji cewa abin da yake yi kawai shi ne sake zana gumakan fuskar allo. Ko ƙwayar sauri ba ya ƙarawa.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, ai cika ta yi. Takardunka ne suka yi mata yawa."

Na ce takarduna duka ba su kai nauyin bidiyon biki guda ba. Don in kafa hujja, na shiga na goge wata jaka mai suna "sabon fayil 2" wadda na ga ta ci giga 18. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ashe kamu da yinin bikin ƙanwarta ne, kuma babu kwafinsa a ko'ina a duniya. Abin da ya cece ni daga kwanan zaure shi ne Windows ba ta zubar da abu nan take, sai ta ajiye shi a kwandon shararta tukuna. Na maido da bikin, tuwon dare ya dawo, kwamfuta kuwa ko gezau. Dama faifan ajiyarta giga 320 ne, fiye da rabinsa kuma fayau yake.

Sai ga ƙanena ɗan jami'a, mai sanya tabarau ba don ciwon ido ba. Bai ma zauna ba ya yanke hukunci: "Yaya, bairos ne." Na ce akwai maganin bairos a ciki. Ya ce guda ɗaya ba ya isa, ya ɗora na biyu. Daga nan kowannensu ya riƙa bincikar duk fayil ɗin da ɗan'uwansa ya taɓa, wannan ya kama wancan da zargi, wancan ya aiko da jan gargaɗi a kan wannan. Yana cikin haka wani talla ya faɗo, wai an gano matsaloli sama da dubu a kwamfutarmu, a danna nan a wanke su kyauta. Ya danna. Kafin magariba burauzarmu ta samu sabbin layuka uku a samanta, shafin bincike ya koma wani da ban taɓa gani ba, kuma kowane lungu na allo akwai mai yi mini albishir cewa na ci waya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ƙanen nawa ya tuna yana da lakca, ya sulale.

Gwaggo, da ta zo duba jikoki, ta ce baki ne, tunda kowa ya shigo sai ya yaba na'urar. Ta tofa mata addu'a, ta sa aka kawo kaskon turare aka ajiye daidai inda fanka ke zuƙar iska. Addu'ar na karɓa hannu biyu, kaskon ne na lallaɓa na janye.

Washegari na saɓa ta na koma Bairut Road, amma ba wurin mai Baturiya ba. Wani yaro na samu a lungu, wanda gemu ma bai gama fito masa ba. Ya danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager ya buɗe, ya nuna mini da bakin sukurdireba: RAM ta cika kashi 96 cikin 100, alhali ba mu buɗe komai ba. Manhajoji ne birjik suke tashi tare da Windows, har da wata ta firintar da muka sayar tun kafin a haifi autanmu. Da ya buɗe burauza kuwa, shafuka 27 suka dawo a jere, tun daga girke-girken uwargida har sakamakon ƙwallon bara.

Ya ce, "Alhaji, RAM kamar teburin mai shayi ce. In teburin ƙarami ne, duk wanda ya ce a soya masa ƙwai sai an ruga sito an ɗauko." Siton shi ne faifan ajiya, kuma nawa tsohon yayi ne mai juyawa, zagaye 5,400 a minti. Kowane shafi da aka bari a buɗe yana riƙe da nasa kason, in wuri ya ƙare sai Windows ta koma jibgewa a faifan, daga nan ne zoben nan shuɗi ke samun aikin yi.

Sai ya kife ta ya kwance ƙasanta. Abin da ya zaro daga bakin fanka da ɗan hantsaki ya sa maƙwabcinsa mai gyaran waya ya taso kallo: dunƙulen ƙurar hunturu ta shekaru, ta daskare da zaren bargo, a cikinta akwai ɓawon gyaɗa da busasshen kyankyaso guda, ƙafafu a sama. Ya tambaye ni a ina muke ɗora ta. Na ce a kan katifa mana. Ya dube ni da tausayi. Ramukan shan iskar a ƙasa suke, katifa na toshe su, kuma in furosesa ta ji zafi ya yi yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ya hure ƙurar, ya shafa sabon man sanyaya furosesa, ya cire maganin bairos guda da layukan nan uku, ya mayar da RAM giga 4. Ya kuma gaya mini Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma ta tsaya mata a lamba 109 a farkon 2023, don haka in fara tunanin sabuwar Windows da faifan SSD. Da na ji kuɗin, na ce masa zan yi shawara da iyali.

A shagon tana gudu har da tsalle. A gida ma ta tashi kafin in cire takalmi. Amma da na buɗe fom ɗin, shafi ya tsaya fari fat. Na ɗauki ɗan akwatin MiFi na bi gida da shi ina neman sabis: taga, saman firij, ƙusar da muke rataye kalanda. Har cikin langa na sa shi, saboda wani a majalisa ya ce ƙarfe na tattaro sabis. Ga data ta wata guda tana ƙarewa tun wata bai raba ba, ni kuwa kullum kamfani nake tsine wa.

Na kira yaron. Ya ce in juya akwatin, in rubuta lambobin nan da suka fara da 192.168 a burauza, in duba jerin masu amfani. Na'urori 10 na gani, iyakar abin da akwatin ke ɗauka. Biyu ne namu. Sauran Tecno ne da Infinix da itel waɗanda ban san iyayen gidansu ba. Lambar sirrinmu kuwa 12345678 ce.

Bincike ya nuna uwargida ce ta ba amaryar maƙwabta don ta tura saƙo guda. Amarya ta ba angonta, ango ya ba mai shagon ƙofar gida, mai shago kuma mutum ne mai kyauta. Bidiyo mai kyan hoto na awa guda yakan lashe giga 1 ko fiye, ga unguwa guda tana kallo a aljihuna. Nan take na sauya lambar, na sa mai tsawo da haruffa. Fom ya buɗe, muka cike, muka tura, 'yata ta yi mini godiya.

Ba a yi minti goma ba na ji gyaran murya a zaure. Baba mai gidan da nake haya ne da kansa, riƙe da waya.

"Malam, lafiya abin naka ya ɗauke? Ana tsakiyar turmi na uku, ɗan damben Arewa ya kusa yin kisa."

Na durƙusa na ce, "Baba, gyara ake yi."

Ya ce, "To madalla, a gyara da kyau. Af, na ce ba ƙarshen watan nan ne hayarka ke cika ba?"

Da hannuna na rubuta masa sabuwar lambar. Baba yana da jikoki, jikokin suna da abokai, kafin isha'i jerin ya koma 10 cif.

Jama'a, duk wanda ya san yadda ake cire mai gidan haya daga MiFi ba tare da an ƙara kuɗin haya ba, don Allah ya taimaka ya sanar da ni.