Fasinjojin Jan Kai

Daga Tibiri in ka fito kwalta a Kore Mairuwa, ka bi ta Doso da Birnin Gaure, ka wuce Kure inda raƙuman dawa ke ƙetare hanya ba da izinin kowa ba, mota za ta sauke ka a tashar Wadata. Kwana tara na yi a Yamai bara, ni da kawuna, wajen bikin ɗiyar ƙanwarsa. Da aka watse sai na ce ba zan koma gida ban ga gari ba. Ba ni da mota, ba ni da babur, don haka a cikin tasi da faba-faba na ga Yamai. Titunan duk sun shige mini duhu, amma mutanen da muka matsu tare har yau ina ganin fuskokinsu.

Tasin Yamai ana ce masa jan kai saboda rufinsa ja ne, kuma yawanci tsohuwar Starlet ce wadda ta girmi direbanta. Ba naka ba ne kai kaɗai. Mutum huɗu ake ɗauka, kowa da inda ya nufa, shi ya sa lokacin da na je, da dala arba'in za ka ga unguwa uku da ba ka yi niyyar gani ba.

Farkon wanda baƙo zai haɗu da shi, direban da ba ya magana. Ba ya tsayawa, rage gudu yake yi. Kai kuma ka duƙa ka jefa sunan unguwa ta taga kamar mai watsa wa kaji tsaba: "Yantala!" In ya karkata kai, shiga. In ba hanyarsa ba ce, ya taka mota ya bar ka da baki buɗe. Ni da na tashi inda ba a taya mudun gero sai an tambayi gajiya da iyali da ruwan bana, da sallama na fara. Kafin in kai "ina gida" ya kai shataletale. Tasi uku na yi asara a kan ladabi.

Sai Na-san-gari, kuma ba nesa na je nemansa ba, kawuna ne. Ya yi gadi a Yamai zamanin Seyni Kountché, ya koma gida noman rake, amma a zuciyarsa garin yana nan inda ya bar shi. Ga kawu, kogin Kwara gada ɗaya gare shi, gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. Ranar da za mu Harobanda, wato "bayan ruwa" da Zabarmanci, direba ya bi ta gadar da ƴan Sin suka gina a 2011. Kawu ya dafa kafaɗarsa.

"Yaro, ina za ka kai mu?"

"Harobanda, Baba."

"Harobanda ba nan take ba. Tun ba a haife ka ba nake ƙetare ruwan nan."

Da aka gaya masa akwai ma ta uku, tun 2021, mai sunan Kountché ɗin nasa, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ai dama ya ji labari. Duk inda muka bi, nuna bene yake yi yana cewa nan gonar gero ce, can ma gonar gero ce. Ya san babbar kasuwa ta ƙone a 1982 an sake gina ta, wannan a gabansa aka yi. Amma ya dage sai an kai shi Petit Marché ya sayi goro wurin wani aboki, alhali wuta ta cinye kasuwar tun 2012.

Da muka iso shataletalen Maourey kuwa, sai ya ƙwanƙwasa gilashi da zobensa ya ce wa motar gaba ɗaya, "Wannan unguwar tamu ce." Ba ƙarya ya yi ba ɗungum. Mauri shi ne sunan da Zabarmawa ke kiran Arawa, kuma Maourey na cikin tsofaffin unguwannin da Yamai ta tsiro daga gare su, tun kafin Turawa su ɗauke babban birni daga Damagaram su kawo nan a 1926. Wani Bafillace da ke gefe ya dubi askar kumatun kawu, tsaga biyu daga baki har kunne, ya ce, "Ashe bawana ne mai gari. To mai gari, biya wa ubangidanka kuɗin mota." Suka yi ta yi har Katako, wannan ya ce ɓarawon fura, wancan ya ce ɗan bori. Kuma kawu ya biya.

A Katako ne ake ɗaukar Hajiya mai kaya. Kujera ɗaya take biya, amma da tukwanen dalma uku sababbin zubi, da tabarmi, da bokiti cike da kofuna. Tana ciniki da direba da Zabarmanci, tana faɗa da yaron da ya ɗauko kayan da Hausa, tana amsa waya da Faransanci. Kai kuma sai ka ji bokiti a cinyarka: "Ɗana, riƙe mini." Ba ta san sunan titinta ba, kuma ba ta buƙata. A Yamai da masallaci da gidan mai da shagon magani ake kwatance. Tawa Hajiyar cewa ta yi a tsaya wajen gawo. Na duba gabas na duba yamma, ko ciyawa babu. Direba ya tsaya daidai inda take so, don shi ma ya san inda gawon yake kafin a sare shi. Da za ta sauka ta ba ni goro ɗaya, ladan dakon Katako zuwa Lazaret.

Wanda ba na yafe wa shi ne mai jika goma. Yana zaune shiru da ƙamshin turare, sai an kai shi ƙofar gida ya zaro takarda mafi girma a kuɗin sefa don biyan dala arba'in. Nan ne direban da ba ya magana yake samun murya. Daga nan a zaga da ku wurin mai shayi, da mai kilishi, da mai sayar da katin waya, kowa ya ce bai yi ciniki ba tukuna.

Lissafin kuɗin ma kansa tarko ne. Wani direba ya ce mini "ɗari biyu", yana nufin faran. Ni kuwa da dala na saba ƙirga, ɗari biyu a wurina jika guda ce. Na tada jijiyar wuya ina cewa don an ga baƙo za a yanke shi, har wata yarinya ƴar makaranta ta ciro kuɗin daga tafin hannuna ta miƙa masa. Arba'in ɗinmu, waytaaci ɗin Zabarmawa da ɗari biyun ƴan boko duk abu guda ne.

Faba-faba ita ce ƙaramar bas ta unguwannin gefe, irin su Koira Tegui da Talladje, kuma faba da Zabarmanci taimako ke nan. Sarkinta karen mota, mai rataye a ƙofa da ƙafa ɗaya, wanda tun safe har isha'i saura mutum ɗaya motarsa ta cika. A ciki za ka samu ma'aikaci mai kwat da ke sauka tun da nisa, ya karkaɗe ƙura ya shiga ofis a ƙafa kamar wanda ya bar mota a gareji. Akwai ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni da zai warware matsalar Afirka kafin a kai kasuwa, in dai wani zai cika masa kuɗin mota. Mai barci kuwa, shi ne ya fi kowa sanin gari, don ya sha farkawa a ƙarshen kowane layi.

Akwai kuma wani da na riƙa gani a madubin direba: hannu ɗaya dafe da aljihu, wuya a miƙe yana ƙirga hawan bene, yana tambayar kowace kwana ko an iso. Hular Tibiri ce a kansa, kuma tawa ce.

Kai da ke shirin zuwa, canza jikarka tun daga Doso. Riƙe sunan masallaci ko gidan man da ke kusa da masaukinka. In jan kai ya rage gudu, faɗi unguwa tukuna, gaisuwar ka ajiye ta sai ka zauna.