Bazazzagi da Katinsa a Dajin Falgore

Malam Bazazzagi, gaisuwa da jaje. Jajen na yi shi ne don kada a ce Kanawa ba su san ya-kamata ba, amma tun da labarinka ya iso Tudun Wada ba a zauna teburin mai shayi an tashi ba a taɓo ka ba. Ka sha babbar riga, ka kafa zanna-bukar, ka ɗauko motar nan taka mai sanyi za ka ɗaurin aure Doguwa, ka wuce ta ƙofar gidana fuu ko hon babu. Kana nutsawa cikin dajin Falgore mota ta ce ga garinku nan. Ita ta fi ka ladabi, ta san ba a wuce iyayen gida ba a gaishe su ba.

Mutuwar mota ba abin dariya ba ne, ƙarfe ce, ta kowa tana tsayawa. Katin nan naka ne abin dariyar. Ka tuna lokacin da ka zaro shi daga aljihu a gaban jama'a kana juya shi yana ƙyalli? Ka ce wani kamfani ne a Abuja, kuɗin shekara ake biya, duk inda mota ta tsaya maka a faɗin Nijeriya danna waya kawai za ka yi, cikin minti 30 ga janwe ga bakanike da fararen kaya. Har ka dube mu ka ce mu mutanen kudancin Kano har yanzu muna zamanin jahiliyya, mota ta lalace sai a tsaya ana ɗaga wa masu wucewa hannu. Muka yi shiru. Bakano ba ya musu a kan kayan da ba shi ya biya kuɗinsu ba.

To ranar wanka ta zo. Ka danna waya, ba sabis. Ka cire ta ka mayar, ba sabis. Direban wata motar masara da ya wuce ka ya rantse mana cewa ya gan ka a kan suri, ka tattare babbar riga a kafaɗa, hannu ɗaya a sama da waya, kana juyawa gabas da yamma. Ya ce da farko ya ɗauka roƙon ruwa kake yi. Da Allah ya taimake ka sabis ya ɗan leƙo, sai aka sa maka kiɗa kana sauraro, katinka na waya yana tafiya. Can wata budurwa ta ɗauka da Turanci, kai kuma ka ga banza ta faɗi, ka kwance mata buhun Turancin Samaru da na Kongo gaba ɗaya. Ai dole, tun 1962 kuke maƙwabtaka da Jami'ar Ahmadu Bello, ko mai rake a Zariya yana da ra'ayi a kan nahawu.

Ta ce kana ina? Ka ce gaba da Tudun Wada. Nan aka yi ta. Ta duba kwamfutarta ta ga Tudun Wada a Zariya, ga wata a Kaduna, ga wata a Jos, ga wata a cikin birnin Kano. Ka ce ta Ɗankadai, ta ce ka rubuto mata. Ta nemi sunan titi da lambar gidan da ke kusa da kai. Malam, a Falgore? Dajin da ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya ci ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila? Da ka ba ta adireshin birin da ke kallon ka. Daga ƙarshe ta ce ka yi haƙuri, janwensu mafi kusa yana Kano, kuma direban ya fita cin abinci.

Zauna mu yi lissafi tunda ku ne 'yan boko. Ko da direban ya ajiye cokali nan take, sai ya fita daga cunkoson birni, ya bi ta Kura da Ciromawa da Dakatsalle ta ƙasar Bebeji, ya iso Kwanar Ɗangora a ƙasar Ƙiru. Wannan ɓangaren da sauƙi, tagwayen hanya ce da aka sabunta, Shugaba Buhari ya buɗe ta a watan Mayu na 2023. Daga kwanar kuma sai ya sauka kan hanyar Jos, falle ɗaya, ya bi bayan gingimari da tirela har Tudun Wada, sannan ya shiga daji yana leƙen inda wani Bazazzagi ya tsaya a kan suri. Janwe kuwa ba ya gudu. Wane minti 30? Wanda ya rubuta alkawarin nan titunan Maitama ya auna, kai kuma ka sa hannu ba ka tambaye shi ko ya taɓa jin sunan Riruwai ba.

Sai a lokacin ka tuna kana da ubangida. Wayarka ta shigo mini, murya ta yi laushi, Turanci ya gudu, Zazzaganci ya dawo tsantsa: "Motana ya mutu, ka taimaka." Na ce Allah ya jiƙansa, namiji ne ashe, yaushe za a yi jana'iza? Na bar ka ka ɗan dahu kafin na miƙa wa bakanikena wayar.

Ina so ka tuna tambayoyin da yaron nan ya yi maka, don a nan darasin yake. Bai tambayi lambar katinka ba. Cewa ya yi, kafin ta tsaya me ta yi? Allurar zafi ta hau? Fitilar batir ta kama? Sitiyari ya yi nauyi? Ka ce duk an yi. Ya ce kada ka sake tayar da ita, kada ka taɓa murfin lagireto, fanbel ne ya tsinke. Ya tambayi irin motar da shekararta, sannan ya ce ka faɗa masa abin da ka wuce na ƙarshe, gada ce ko shingen sojoji ko rugar Fulani. Ya tsallaka shagon kayan gyara ya karɓo bel iri biyu a kan in ɗaya bai hau ba zai dawo da shi, ya ɗaure tsohon buhun sifanu da galan ɗin ruwa a bayan babur da robar taya, ya ɗora yaronsa, suka tafi. Ko rigar aikin bai canza ba, baƙin mai har gwiwar hannu. Kai da bakinka ka ce da ka hango ƙurar babur ɗin sai da ka ji ƙwalla.

Ba don yana ƙaunar Zage-zagi ya yi saurin nan ba, wa ke ƙaunarku? Kusa yake, ya san hanyar, kuma abin hawansa ba ya jiran tirela ta ba shi hanya. Sannan akwai abin da kamfaninka ba zai iya saye ba: in yaron nan ya ƙi zuwa, da magariba sahu ɗaya za mu tsaya da shi a masallaci, kuma mahaifinsa zai ji. Budurwar Abuja kuwa tana ajiye wayarka ta manta da kai, ta ɗauki ta wani.

Kuma kada ka ce mini ai Turawa da kati suke yi. Ƙungiyar AA ta Ingila da kake yawan ambato, da aka kafa ta a 1905, a kan kekuna ma'aikatanta suka fara sintiri, daga baya suka koma babura masu akwatin kayan aiki a gefe. Abin da ya sa tasu ke aiki shi ne sun baza mutanensu a kan hanyoyi, kowa da yankinsa. Ka ga ashe tsarin bakaniken Tudun Wada suka bi. Ba na cewa kamfanin agaji haramun ne. Mai zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna, ko cikin Legas, yana iya cin moriyarsa. Amma kafin ka zare kuɗi, ka ajiye takardar tallan ka tambaye su a ina janwensu yake kwana. Ba ofishinsu ba, janwen. Ka ce su faɗa maka sunan mutumin da suke da shi tsakanin Kwanar Ɗangora da Saminaka. Ka ji ko suna fita bayan isha'i, da wanda zai biya man zuwa da komawa, don tun da aka cire tallafi a 2023 ba mai taka maka mota kyauta. In suka fara "za mu duba", mayar da kuɗinka aljihu.

Akwai wata tambayar da ta shafe ka kai musamman, tunda ka raina Fijo. Ku da aka kafa wa kamfanin haɗa ta a Kaduna tun 1975, kuka bar 504 da kowane yaron gareji zai iya kwance ta ya ɗaure da ido rufe, kuka koma motoci masu giyar otomatik. Irin taka ba a ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa. In inji ba ya aiki, famfon man giya ba ya juyawa, kafin a kai gari giyar ta ƙone, ka tashi daga sayen bel ka koma neman giyabos a Ƙofar Ruwa. Ga birki yana ƙanƙarewa, sitiyari ya yi tauri. Janwe mai ɗaukar mota a gadon baya take so, ko aƙalla mai ɗaga ƙafafun da ke ja. Na ji an ce har ka fara ciniki da mai motar itace ya ja ka da igiyar ɗaure kaya. Allah ya so ka kun saɓa a kan farashi. Rowa ta yi maka rana.

Kada ka ɗauka duk wanda ya rataya sifana waliyyi ne. Muna da namu 'yan gwaji, waɗanda za su koyi aiki a kan motarka. Ka ce tana zafi, ya cire abin daidaita zafin inji ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce an gama. Ka ce fitila ta kama a gaban direba, ya ce rabu da ita, haka suke yi. Sannan "ga ni nan tafe" a bakin wani bakaniken na nufin yana kwance ƙarƙashin motar wani, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Shi ya sa ba ranar da mota ta tsaya ake neman mai gyara ba. Ka tsaya a tasha da rana tsaka, lafiya lau, ka sayi shayi, ka gaisa da shugabannin ƙungiyar direbobi. Masu Golf da Sharon da ke bin hanyar nan kullum sun san wanda hannunsa ke da kyau a motar Jamus, da na motar Japan, da mai rewaya da ba ya yanka waya barkatai, da mai facin da ke kwana a rumfarsa. Ka karɓi lamba a Kwanar Ɗangora, ka karɓa a Tudun Wada, ka karɓa a Doguwa, don wanda zai zo maka da wuri ya danganta da bakin dajin da ka fi kusa da shi. Ka riƙa yi musu alheri ko ba ka da matsala. Na san nan ne zai yi maka wuya.

Lambobin hukuma ma ka adana su, 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra da 112 ta gaggawa, duka kyauta ne. Sai dai ka san aikin kowa. Hukumar, tun kafa ta a 1988, aikinta ceton waɗanda suka yi haɗari da janye abin da ya tare hanya, ba ɗaura wa Bazazzagi fanbel ba. Ka sa layi biyu na kamfani daban-daban a waya, inda wannan ya ɗauke wani lokaci wancan yana kamawa.

Maganar dare kuwa ba wasa a ciki, ko tsakanina da kai. Falgore ta yi suna da 'yan fashi da ɓarayin shanu a shekarun baya, har sojoji suka mai da wani sashenta filin atisaye a 2017. Akwai jami'an tsaro a hanyar, amma tsofaffin direbobi har gobe sun fi son su ratsa ta da sauran rana. Da kaka kuma manyan motocin masara daga Doguwa da Saminaka ba sa ƙarewa, ga kwana ga gangara. In mota ta tsaya, abu na farko a tura ta ta sauka daga kwalta, a kafa jar alamar nan mai kusurwa uku can nesa, a ƙara da ganye yadda direbobi suka saba, in an tashi a kwashe. Kai da aka buɗe but ɗinka me aka tarar? Safaya ba iska, jak ba hannu, ba tocila, ba ko jarkar ruwa. Sai ɗaurin rake da tsofaffin jaridu.

Ɗaurin auren dai an shafa fatiha ba kai, goronka ma ni na karɓa na ci. Na kuma ji cewa kamfanin sun bugo maka washegari da hantsi, cikin ladabi, suna tambaya ko har yanzu kana wurin.

Saura lissafi. Kuɗin bel da na aiki ka biya, bayan ka ja ciniki har yaron ya ce bai taɓa ganin mai babbar riga irinka ba. Man babur ni na zuba, yana kanka. Kuɗin sharar bara ma ba ka kawo ba, ga watan Cika-ciki na tafe, za a haɗa maka biyu, da mazarƙwailar Maƙarfi a kai ladan ceto. Sannan bakanike ya ce ya mance sifanarsa mai lamba 12 a cikin motarka. Kada ka ba direba saƙo, kai za ka kawo ta da ƙafarka, ka tsaya a ƙofar gida ka yi sallama sau uku, ka cire takalmi. In ka taho ka bugo mini tun daga Tashar Yari, in sa yaron ya zuba mai a babur ya zauna da shiri.