Tsinken Saƙa da Masu Riƙonsa

Ƙanen mijina ya dawo daga karatu a Faransa bara da kaka, kuma da aka zo rabon tsaraba, ni aka miƙo wa dunƙulen zare huɗu masu launin ƙasa. Na shafa, na ji laushi kamar kunnen ɗan akuya kwana uku da haihuwa. A jikin takardarsa an zana tsinke biyu a gicciye, an sa 4 a gefe. Ya ce gashin alpaka ne, wata dabba ta duwatsun Andes, 'yar'uwar raƙumi amma ba tozo, kuma mafi yawansu a ƙasar Peru suke. Na ce Allah ya amfana. A raina kuwa na ce wanda ya kawo gashin dabbar ƙasar sanyi garin Tasawa, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ko dai ƙauna ce ta yi masa yawa, ko ya manta gida.

To amma hunturu ba ya saɓa alkawari. Duk wanda ya taɓa alwalar asuba a Janairu ya san hular sanyi ba kwalliya ba ce. Saura tambaya ɗaya: da wane tsinke zan saƙa? Na yi yawo da ita daga nan har Mayahi, gidan iyayena. Amsa kaɗan na samo, mutane kuwa na samo su buhu guda.

Akwai masu tsinke iri ɗaya tilo, kuma Gwaggona ce shugabarsu. Nata sifokin keke ne guda biyu, an goga bakinsu a dutse tun kafin a yaye ni, an naɗe gindinsu da robar tayar keke don kada saƙa ta zame. Da su ta saƙa safar jarirai, da su ta saƙa hular liman. Na nuna mata lambar da ke jikin takarda, ta ture hannuna.

"Ke 'yar nan, zare ke bin tsinke, ba tsinke ke bin zare ba."

Hulunanta, in ka ajiye su a ƙasa, tsayawa suke da kansu kamar akushi. Sai dai in za a yi adalci, kuskuren Gwaggo ya fi kusa da gaskiya. Gashin tumakin Turai yana da lanƙwasa, in ka ja shi ka saki sai ya koma. Na alpaka santsi gare shi, ga nauyi in an saƙa, in ya miƙe kuwa ya miƙe ke nan, ba ya waiwaye. Shi ya sa masu sanin abin kan rage rabin milimita, ko ɗaya, daga abin da takarda ta faɗa, musamman ga abin da ake so ya kama jiki. Amma sifokin keke bai wuce milimita 2 ba. Daga 4 zuwa 2 ba ragi ba ne, faɗawa rijiya ce.

Kishiyarta a wannan fage ita ce mai gaggawa. An haihu ranar Laraba, suna Laraba mai zuwa, ita kuma sai daren Lahadi ta tuna. Ta ɗauko tsinke mai kaurin muciya, don saƙa ta yi tsawo kafin tuwo ya nuna. In ka ce mata ta yi gwaji, wato ta saƙa ɗan ƙyalle santimita 10 tsawo da faɗi, ta wanke, ta shimfiɗa a inuwa ya bushe, sannan ta ƙirga idanun saƙar ta gani ko sun yi daidai da lissafi, sai ta dube ka kamar ka ce ta yi wa kaza wanka. Ranar suna riga ta yi kyau, an ɗauki hoto, an yi guɗa. Wanki ɗaya, aka rataya a igiya, ruwa ya ja ta ƙasa. Yanzu yayan jaririn ke zuwa lakwal da ita.

Sai 'yar waya. Ita ba ta tambayar kowa a unguwa, malamanta suna YouTube. Matsalar ita ce malaman ba ƙasarsu ɗaya ba. Tsinken da mu da Faransawa muke kira 4, wato milimita 4, Ba'amurkiya tana ce masa 6, tsohuwar Ingila kuma tana ce masa 8. A lissafin Amurka lamba na hawa kauri na ƙaruwa; a tsohon lissafin Ingila lamba na hawa tsinke na ramewa. 'Yar ƙanwata ta kalli wata tsohuwa 'yar Ingila, ta hau kabu-kabu ta tafi kasuwa ta ce a ba ta lamba 8. Aka ba ta milimita 8. Abin da ta saƙa, masunta kaɗai za su yaba masa. Har yau cewa take intanet ce ba ta da ƙarfi ranar.

Wanda ya sayar mata shi ma iri ne mai zaman kansa: ɗan tebur wanda bai taɓa cewa babu ba. Na tsaya gabansa na ce ina neman tsinken da zai dace da alpaka.

"Al-wa, Hajiya?"

Na yi masa bayani. Da na koma mako na gaba, duk ulun da ke teburinsa, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ya zama alpaka, har da wani da ya ce na Dubai ne. Na tsinko ɗan sili na ce ya ara mini ashana. Zaren roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri, yana warin leda. Gashin dabba kuwa ƙaurin babbakar kan akuya yake yi, in ka murza tokar ta watse. Nasa ya narke ya manne masa a yatsa. Bai ko ji kunya ba. "Ai wannan alpakar gida ce, Hajiya, ba ta sha wahalar daji ba."

Wadda ta fi ba ni tausayi da dariya a lokaci guda ita ce wadda zuciyarta ke riƙe tsinke. Ita lambar tsinkenta daidai ce, zarenta daidai ne, har gwajin ta yi. Hannun ne ba shi da alƙibla. Wata maƙwabciyarmu ta saƙa wa mijinta rigar sanyi, kuma duk mai ido zai karanta tarihin gidan a jikinta. Daga ƙugu zuwa ƙirji saƙa ta tafi lafiya lau, ido kowanne kamar an auna da mudu: lokacin an sayar da wake, an yi mata turmin atamfa. Hannun dama a sake yake, yana lilo, don a gidan biki aka saƙa shi ana hira. Hannun hagu kuwa, a makon ne labari ya iso cewa maigida ya kai goro wani gida a Maijirgi. Idanun saƙar sun matse har tsinke yana ƙara in ya ratsa. Bawan Allah in ya sa rigar, hannu ɗaya ya rufe masa yatsu, ɗayan ya shaƙe shi a gwiwar hannu kamar ana gwada masa hawan jini. Yana sawa kuma. Bai isa ya ƙi ba.

Mai ba da shawara wanda bai taɓa riƙe tsinke ba, wannan kowa na da shi a gida. Nawa ya ce in ƙara taki.

Amsar da ta yi mini amfani a Mayahi na same ta, wurin wata tsohuwa da ta kashe ƙuruciyarta tana saƙar tabarma da kabar Gulbin Kaba, kafin bayanta ya hana ta dogon zama a ƙasa. Yanzu rigunan sanyi na gwanjo take saye, ta warware su, ta jiƙa zaren ya miƙe, ta sake saƙawa. Zarenta ba takarda, ba lamba. Ta karɓi nawa, ta sa a kumatu, ta ja ta saki, ta ce, "Wannan malalaci ne, ba ya komawa gida." Ta ninka silin biyu, ta jera shi kusa da tsinkunanta ɗaya bayan ɗaya har ta sami mai kaurinsa, sannan ta mayar ta ɗauko ƙanensa.

"Iya, lamba nawa ke nan?"

"Lamba ta mota ce. Saƙa tafin hannu guda ki wanke, ki kawo mini gobe."

Da na auna a gida, milimita 3 da rabi ne. Na saƙa ƙyallen, na wanke, na shimfiɗa a kan faifai a inuwar bedi. Ya ƙara faɗi kaɗan, sai na rage idanu shida a lissafin hula. Ƙyallen bai koma wurin Iya ba, don kafin la'asar Gwaggo ta gan shi ta sauke tukunyar miya da shi.

Hular dai ta fito, ta zauna a kan maigida ɗas. Ya yi asuba goma sha tara da ita. A ta ashirin ya dawo daga masallaci riƙe da ita a hannu, gumi na bin ƙeyarsa, ya tambaye ni ko zan iya warware ta in yi masa mai 'yan ƙofofi, da irin tsinken nan na 'yar ƙanwata.