Fanken Sallah da Yis ɗin Bature

Shekarata ta farko ta karatu a Ingila a garin Biristol na yi ta, gida ɗaya da wani Bature da muka laƙaba wa suna Sarkin Yis. Kowa da ɗakinsa, amma madafa ɗaya, firij ɗaya. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa, sai dai ransa yana wajen dafa giya a gida. Yankinsu kuwa ƙasar tuffa ce, giyar tuffa a wurinsu tamkar fura ce a wurinmu. Tun ranar farko muka raba gari: tukwanena daban, nasa daban, kantar sama ta firij kuma tasa ce. Abin da yake dafawa bai taɓa kusantar bakina ba, amma wa'azinsa na sha har na ƙoshi.

Wa'azin kullum a kan yis ne. Ni a sanina yis shi ne garin nan da mai shagon unguwa ke ƙullawa a leda. Shi nasa ruwa-ruwa ne, daga Amurka ake kawo shi cikin sanyi kamar allurar rigakafi, kuma ƙarfinsa raguwa yake yi wata bayan wata. Yana da littafi guda da yake gwada kamfanonin da ke sayar da shi. Ga White Labs na birnin San Diyego, da aka kafa a 1995. Ga Wyeast na jihar Oregon, tun 1986, mai zuba ƙwayoyi biliyan 100 a leda ɗaya. Ga Imperial na Potland, mai zuba biliyan 200. In abokansa suka zo, musun da suke yi kan waɗannan ukun ya fi na 'yan Arsenal da Chelsea a gidan kallon ƙwallo zafi.

Ledar Wyeast ita ta fi ɗaure min kai. A cikinta akwai wani ɗan ƙulli na abincin yis. Sai an sharara wa ledar mari ƙullin yake fashewa, bayan 'yan awoyi ta kumbura, alamar yis ɗin yana da rai. Ranar da na fara iske shi yana marin leda shi kaɗai a madafa, a hankali na ja ƙofa na koma ɗaki ina karanto addu'a.

Ana nan sai azumi ya zo ƙarshe. A wajen buɗe-baki aka raba aikin walimar Sallah tsakanin ɗalibai 'yan gida, ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce fanke a bar min. Ban taɓa yin fanke ba. Abin da na iya shi ne tsugunawa kusa da kaskon Inna ina miƙa hannu. Na kira ta a waya, ta ce, "Kai ɗan nan, fanke ai ba aiki ba ne. Fulawa, sukari, gishiri kaɗan, ruwan ɗumi, yis cokali guda. Ka rufe, cikin awa ɗaya ya tashi."

Sallah ta faɗo Litinin. Ranar Lahadi da yamma na jera komai, sai na ga babu yis. A Ingila kuwa dokar 1994 ba ta barin manyan kantuna su wuce awa shida a buɗe ranar Lahadi, duk sun rufe. Ƙaramin shagon bakin layi ba shi da shi. Sarkin Yis ya tafi ƙauyensu. Na buɗe firij, na ɗaga kai, leda biyu suna kallona daga kantar sama. Na ce a raina yis ai yis ne, gobe na biya shi.

Na ɗauki ɗaya, na sharara mata marin da na ga yana yi, har da ƙari. Ban jira ta kumbura ba, na yanka na juye a kwaɓi. Awa ɗaya, shiru. Awa biyu, kwaɓi yana kwance kamar an yi masa asiri. Na ce wataƙila yis ɗin Turawa rago ne, na mari ta biyun, na juye, na ƙara sukari kofi guda don a ƙarfafa musu gwiwa. Sai na tuna da kabad ɗin tukunyar ruwan zafi, inda Sarkin Yis ke jera tawul da rigunansa saboda ɗumi. Na kai bokitin can, na rufe, na ce bari in ɗan kishingiɗa.

Ƙamshin ayaba ne ya tashe ni da asuba. Babu ayaba a gidan. Na bi ƙamshin har kabad, na buɗe, sai ga kwaɓi ya ture murfi, ya malale kan tawul, ya yi wa farar rigarsa rawani, yana ɗiga ƙasa yana tsuwa. Na kwashe abin da ya kwasu, na ɗora mai. Fanken ya sha mangyaɗa kamar soso, ga tsami, ga wani ƙamshin kanumfari da ban zuba ba. Na ce ai sai a ce sabon salo ne.

Bayan an sauko Idi na ajiye tire a tsakiyar jama'a. Wani dattijonmu ɗan Zariya, mai digiri na uku a ilimin ƙananan halittu, ya ɗauki ɗaya ya shinshina. Ya ce, "Ƙanena, wane yis ka sa?" Na ciro ledar daga aljihu. Ya karanta lambar, 3068, ya yi dariya har hularsa ta zame.

Ya ce da yis ɗin burodi da wannan duk jinsi ɗaya ne, kamar yadda balami da uda duk tumaki ne, amma kowanne da abin da aka yi kiwonsa dominsa. Dukansu sukari suke ci su fitar da iska. Na burodi an zaɓe shi don sauri. Wannan kuwa na giyar alkama ne ta Bavariya a Jamus, an zaɓe shi don ƙamshin ayaba da kanumfari, aikinsa na kwanaki ne, in ya farka kuma ba ya jin kira. Ya ce ware yis iri-iri haka ya samo asali tun 1883, lokacin da Emil Hansen ya tace iri guda a ɗakin binciken Carlsberg a Kopenhagen.

Daga duk wannan karatun kalma ɗaya jama'a suka ji: giya. Wani da ya riga ya ci uku ya zabura ya nufi famfo yana salati. Dattijon ya yi ta bayanin cewa ƙwayar yis daban, barasa daban, amma hannu bai sake kusantar tiren ba. Na fita da shi waje na zuba wa tsuntsayen teku, waɗanda a Biristol har daga hannun mutum suke fizgar abinci. Ɗaya ya ɗauka, ya tashi, ya sake shi a kan motar maƙwabci.

Da Sarkin Yis ya dawo na shirya shan faɗa. Ya dubi kabad, ya dubi firij, sai ya ɗauko littafinsa ya ce in gaya masa awa nawa kwaɓin ya yi, da ɗumin wurin. Ya rubuta tsaf, sannan ya miƙo min lissafi. Kuɗin leda biyun nan ya isa in sayi busasshen yis na shekara. Wankin tawul kuma ya ci min kwana biyu.

Inna da ta ji labari ta ce, "Innalillahi! Karatu aka tura ka ko burkutu?" Har yau in na je gida ana suyar fanke, sai ta ce a matsar da ni daga kasko.

Matambayi dai ba ya ɓata. Mai karatu, in tafiya ta kama ka, sa ƙullin yis ɗinka a jaka kusa da yaji, kantar sama kuma ka bar wa mai ita.