Ciwon matsi

Ba na iya ganin mutum biyu sun zuba kuɗi a tebur in zauna lafiya. Cutar da nake fama da ita ke nan a wasan poka. Kafin wani ya fara jawo mini aya, kuɗin bogi ne, irin wanda manhajar waya ke rabawa kyauta kowace safiya, ko ashana ba za ta saya ba. Abin kunyar ma ke nan. Da kuɗin gaske ne, da sai a ce kwaɗayi ne ya ja ni.

A Texas Hold'em ana ba kowa karta biyu a rufe, a yi zagayen zubi tun kafin a buɗe ukun farko a tsakiyar tebur. Wani ya ɗaga zubi, na biyu ya bi shi kawai bai ƙara ba. Sai kai na uku ka rafka musu ƙari mai nauyi. Shi ne matsi. Na farkon ya shiga tsaka mai wuya, ga ka a gabansa, ga wani a bayansa bai san abin da zai yi ba. Na biyun kuwa ya riga ya tona asirin kansa, domin da hannunsa ya yi ƙarfi sosai da shi ma ya ƙara. Idan duka suka zubar, ka kwashe abin da ke tebur ba tare da an ga kartarka ba.

Dan Harrington ne ya jawo mini wannan bala'i, ko da yake bai san ina duniya ba. A teburin ƙarshe na babbar gasar poka ta duniya a Las Vegas, shekarar 2004, Josh Arieh ya ɗaga da sarki da tara, Greg Raymer ya bi. Harrington ya leƙa hannunsa, shida da biyu, ba ma iri ɗaya ba, tarkacen da ko yaro zai jefar. Ya gyara zama ya matse su, kowa ya zubar. Na kalli bidiyon nan har na haddace yadda yake tura kuɗin gaba, fuska ba yabo ba fallasa, ƙarƙashin koriyar hularsa.

Abin da na ƙi haddacewa shi ne sa'o'in da dattijon ya kwashe yana zubar da karta kafin wannan hannu. Mutumin da ya ci gasar a 1995, wanda ake kira Action Dan duk da tsabar taka-tsantsan ɗinsa. In ya motsa, kowa ya ɗauka da gaske yake, kura ma ta san gidan mai babbar sanda. Ni kuwa kafin a yi zagaye uku duk teburin ya gama karanta ni.

Lissafin ma na san shi, ba jahilci ba ne. A ce babban zubin dole, wanda ake sawa kafin a raba karta, ɗaya ne, ƙaramin kuma rabi. Na farko ya sa uku, na biyu uku, na dole biyu sun haɗa ɗaya da rabi, bakwai da rabi ke nan a tsakiya. In na tura sha biyu da hannun banza, sai sun zubar fiye da sau shida cikin goma kafin abin ya biya. Kuma ana son wanda ya buɗe ya zama mai yawan ɗagawa, kai kuma kana zaune bayansu, ka ga motsin kowa kafin naka. Duk na sani. Amma da zarar na ga ɗagawa da bi, babban yatsana ya riga hankalina isa allon.

Ga kuma babbar wautar: a teburin kuɗin bogi wa zai zubar? Ba wanda ke tsoron asarar abin da za a sake ba shi gobe da safe. Na matsa, na farko ya bi, na biyu ya bi, har wani da bai shiga zancen ba ya faɗo daga gefe. Aka buɗe uku, ba ko ɗaya da ta san ni. Maimakon in haƙura sai in ce ai Harrington ba zai ja da baya ba, in tura sauran.

Daren jiya matata ta farka ta ga hasken waya a fuskata, ta ce, "Maigida, lafiya kake huci?" Na ce mata wani ɗan Barazil ne ya bi ni da tara da huɗu, kuma ya ci. Ta tambaya nawa na yi asara. Na ce dubu ɗari biyu. Sai da ta tashi zaune tana salati kafin na samu bakin yi mata bayanin irin kuɗin.