Yadda Ake Wanke Kai Daga Marin Da Ba A Yi Ba

Wanda aka ƙulla wa sharrin duka yana da abokan gaba biyu, kuma mai ƙarar shi ne ƙaramin. Babban shi ne hannunsa na dama. Da zarar an ce masa, "Wane ya kai ƙararka caji ofis, wai ka mare shi," sai hannun nan ya soma ƙaiƙayi, yana so ya je ya nuna wa mai ƙarar bambancin marin ƙarya da na gaske. Ka cusa shi a aljihu. In rigar ba ta da aljihu, ka sake riga kafin ka fita.

Dalilin na doka ne. A sashe na 264 na dokar Final Kod, wadda arewacin Najeriya ke aiki da ita tun 1960, ba sai tafinka ya sauka a kumatun mutum ba. Ɗaga hannu kawai, ta yadda zai zaci duka na tafe, laifi ne mai zaman kansa. Ke nan mutum zai iya shiga ofishin 'yan sanda ba shi da laifin komai, ya samo laifin a gaban kanta, da shaidu masu kaki.

Bayan hannu sai baki. Akwai maganar da kusan duk wanda aka yi wa wannan sharri yake jin daɗin faɗa: "Wallahi da ni na mare shi, da bai iya takowa nan da ƙafarsa ba." Ko da gaskiya ce, ka haɗiye ta, domin ɗan sanda mai bincike rubutawa zai yi, kuma a gaban alƙali ba za ta yi daɗin ji ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, sashe na 36 kuma ya ce ba ka da laifi sai an tabbatar. Nauyin kawo hujja yana wuyan mai tuhuma, haka ma ƙa'idar take a kotun shari'ar Musulunci. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a bayanin da ba ka san abin da ke cikinsa ba. In da Turanci aka rubuta, ka ce a karanta maka da Hausa, layi bayan layi.

In ba ka ma wurin lokacin da aka ce an yi dukan, ka faɗa tun zaman farko, domin kotuna ba sa ba wannan kariya nauyi idan sai daga baya aka tuno da ita. Kuma "ina cikin gari" ba amsa ba ce. Ka ce kana teburin mai shayi na bakin tasha daga sallar isha'i zuwa ƙarfe goma, ka ci indomi da ƙwai biyu, ka tura kuɗin ta waya. Saƙon bankin nan yana ɗauke da rana da sa'a da minti, kuma dokar shaida ta 2011 ta yarda da hujjar na'ura. In bashi ka ci, babu laifi: mai shayi ba ya manta daren da aka ci masa ƙwai biyu ba a biya ba.

Wurin zaɓen shaida ake yawan kwafsawa. 'Yan majalisarku za su taso su goma sha, kowa na rantsuwa yana tare da kai, har wanda ke Legas a ranar. Ka ɗauki mutum biyu da suka gani da idonsu, kada ka koya musu abin faɗa. Ka kuma guji aminin nan mai ƙaunarka da zai miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, tun da ya fasa wa wani baki a gidan kallon ƙwallo bai sake taɓa kowa ba."

Sai batun bandeji. Wanda aka daka da gaske yana da haƙƙi, kuma takardar likita ce ke tsaya masa, don haka ka nemi a kawo ta. In ka lura filastar tana kumatun hagu ranar Litinin, ranar Alhamis ta koma na dama, kada ka yi ihu a harabar kotu. Ka raɗa wa lauyanka, shi ya san lokacin da zai yi tambaya. Marar kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin irinsa. Beli a caji ofis kyauta ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama ƙaninka ko mahaifiyarka a madadinka.

Daga ƙarshe dattawa za su shigo, su ce a yi sulhu: "Kai dai ba shi haƙuri, ka biya kuɗin magani, a wuce wurin." Sulhu alheri ne, ina kuma goyon bayansa, musamman tsakanin maƙwabtan da gobe za su haɗu a sahu ɗaya. Sai dai haƙurin da ba a fayyace ba yakan rikiɗe ya zama "ai ya amsa laifinsa". Ka ce a rubuta cewa ka yarda da sulhun ne domin zaman lafiya, ba domin ka yi dukan ba, a kuma rubuta cewa mai ƙarar zai janye ƙararsa. Mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa, kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa.